Motar Ɗauko Yaya Rabi

Wata Asabar ce cikin bazara, a ƙarshen shekarun tamanin, ina aji biyar na firamare. Muna 'yar gala-gala da ƙawayena a ƙofar gidanmu a Tudun Wada, sai ga wata koriyar jif ta shawo kwana tana oda, kaji suna watsewa. Baba ne a ciki, hularsa ta karkace, yana kokawa da sitiyari don bai daɗe da koyon tuƙi ba. Sabuwa ce dal, ko ledar kujerunta ba a cire ba. Kafin ya kashe ta unguwa ta taru, maza na zagaya ta suna yi masa fatan alheri, mata na leƙe ta kan katanga, mu yara muna shafa ƙofar muna shinshina hannu. Baba ɗan kasuwar hatsi ne, don haka kowa ya ɗauka saboda yawon ƙauyuka ya saye ta, shi ma abin da ya faɗa ke nan. Gwaggo Asabe, yayarsa da ke zaune a gidanmu, ita kaɗai ta taɓe baki ta ce da ni, "Hatsi ai akori-kura ke ɗauka. Wannan motar ɗauko Rabi ce, ubanki dai ba zai faɗa ba."

Yaya Rabi ita ce 'yar fari a gidanmu, kuma a wancan zamani ɗan fari ɗan kunya ne. Baba da Inna ba sa kiran sunanta, ba sa hira da ita, ba sa nuna sun damu da ita a gaban mutane. Gwaggo ce ta raine ta tun yaye. In ta kama dole Baba ya ambace ta, sai ya ce "yarinyar nan ta wajen Yaya Asabe". An aurar da ita wani ƙauye bayan duwatsun Riruwai, gidan Fulanin da suka daɗe da zama suna noma suna kiwo, kuma tsakaninmu da su akwai wani rafi marar gada. Da rani ko akuya tana tsallake shi, amma in marka ta sauka, wato ruwan tsakiyar damina, sai ya raba su da duniya. A shekarar nan Yaya tana da cikin fari, kuma al'ada ta ce in ya kai wata bakwai a dawo da ita gida goyon ciki, ta haihu a hannun iyayenta. Lissafin Gwaggo ya nuna ɗaukowar za ta faɗa cikin marka.

Baba dama mutum ne marar zama wuri ɗaya, ko tuwo yake ci ƙafarsa na rawa. Da motar nan ta zo sai abin ya zama ciwo. Ba a yi sati ba ya ce tayoyinta ba su da haƙora, aka sauya masu kaushi. Ya kira mai walda ya ɗaura mata ƙarfe a goshi. Ya sa aka lanƙwaso salansa, wato bututun hayaƙi, sama don kada ruwa ya shiga. Ɗanjuma makanike ya zama ɗan gida, har kwanonsa daban Inna ke zubawa. Ni kuma aikina ya ƙaru: bayan shara da wanke-wanke da kai niƙa, sai na jawo ruwa a rijiya don wanke mota, na kori awaki kada su hau bonet, na tsince notinan da suka faɗa cikin yashi. Sabuwar mota ta koma kullum cikinta a buɗe, tsakar gida duk baƙin mai. Ranar da ya cire kujerar baya ya shimfiɗa katako da katifa, maƙwabta suka tambaye shi, ya ce don kada buhu ya yage. Ban taɓa ganin buhun dawa da ke buƙatar katifa ba, na ƙunshe dariyata na shige gida. In an yi masa magana sai ya ce, "Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba." Gwaggo kuma ta amsa daga bakin murhu, "Garin neman gira dai kada a rasa ido."

Abin da ya cuce mu shi ne babu wanda ya san ainihin watannin cikin. Yaya ta ɓoye shi da farko saboda nauyi, Gwaggo ta fara ƙirga daga ranar da ta ji labari. Surukan sun fi mu kunya, ba za su aiko su ce lokaci ya yi ba. Inna ba za ta tambaya ba, Baba kuwa ko kusa. Iyakarsa ya kira ni bayan la'asar, yana goge hannu da tsumma yana kallon wani wuri, ya ce, "Hansatu, je ki ji ko mutanen bayan dutse sun aiko wa Gwaggonki." Da ruwa ya fara zama, yakan tuƙa har bakin rafin, ya tsoma sanda ya ga zurfinsa, ya juyo. Daga inda yake tsayawa ana hango rumbunan gidan, amma uba ba ya zuwa gidan 'yar fari haka kawai. Duk dawowa sai ya ce motar ta yi ƙasa, a ƙara ɗaga ta. Wannan hali nasa yana ba ni haushi har yau, kuma yana ba ni tausayi.

Ranar da saƙon ya zo, da hantsi, ana yayyafi, jif ɗin tana kan duwatsu, an kwance sifirin ɗinta na baya za a ƙara masa ƙarfe. Ƙanin mijin Yaya ya shigo da keke, jiƙe sharkaf, ya durƙusa ya gaida Gwaggo ya ce tun jiya ake naƙuda, ungozoma ta yi iya yinta. Baba ya nufi wajen motar. Da babbar rigarsa ya kwanta cikin taɓo ƙarƙashin mota, shi da Ɗanjuma suna mayar da abin da suka kwance, sifana na suɓuce masa. Babu wata mota a kusa da za ta iya hanyar. Inna tana ta kai-kawo tsakanin ɗaki da madafa, ta ɗauki kwano ta ajiye, ba ta da ikon tambayar kowa komai. Sai bayan azahar motar ta sauka kan tayoyinta. Gwaggo ta shiga baya, ta ja ni don in riƙe mata zannuwa da buta.

A zuwa mun haye rafin lafiya. Baba ya tsaya bayan gari, ya buɗe bonet ya sa kai ciki kamar mai duba wani abu, har mata suka fito da Yaya ranga-ranga suka kwantar da ita a katifar. Amma an yi ruwa a kan duwatsu, kafin mu dawo rafin ya cika ya yi ja, yana jan rassan itace. Baba ya yi bisimilla ya shiga. Muna tsakiya ruwa ya bugi gefen motar, bayanta ya fara zamewa, ruwa ya shigo ta ƙasan ƙofa ya jiƙa mini ƙafa. Yaya ta ƙwalla ƙara. Sai na ji muryar Baba, bai juyo ba, idonsa na kan gaɓa: "Rabi, riƙe Gwaggonki. Rabi, kina jina? Mun kusa." Gwaggo ta sunkuyar da kai. Yaya ta buɗe ido tana kallon ƙeyarsa, har tayoyin suka kama tsakuwa muka fita.

Mun isa asibiti kafin magariba. Yaya ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Ma'aikaciyar jinya ta ce da an zo da safe da wataƙila an same shi, Gwaggo ta ce Allah bai yi shi mai shan ruwa ba ne. Baba yana tsaye ya ji duka. Daga ranar bai ƙara sa wa motar ko noti ɗaya na ƙari ba, in ta lalace a gyara, shi ke nan. Sunan Yaya kuwa bai sake fitowa daga bakinsa ba har ya koma ga Allah.

Yanzu hanyoyi sun gyaru, mace na jin ciwo za ta ɗaga waya ta kira ubanta kai tsaye. Ɗana yana saɓa 'yar farinsa a wuya, yana kiran sunanta a gaban kowa, kuma ban ga laifinsa ba, da mun yi haka da wataƙila an ɗauko Yaya da wuri. Ita kuwa ta tsufa, ga jikoki, amma in muka zauna hira damina na zuba, takan ce duk abin da ya faru ranar ta manta zafinsa, ban da muryar Baba. Sau biyu ya kira ta a duniya, kuma ta ce sun ishe ta.