Salifu, Taba Ta Fara Ba Ka Wurin Zama

A watan da jirgin sama ya faɗi a nan Tamanrasset, gari bai gama zaman makoki ba, Allah ya karɓi ranka, Salifu, ranar Talata, sha biyar ga Muharram. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ban yi lekkol ba, ban iya rubutu ba. Ina faɗa ne, Idrisa mai kanti yana rubutawa, kuma na ce masa kada ya gyara mini magana.

An ce in ce ajali ne, in yi shiru. Ajali ne, na yarda. Amma ni na tarbe ka a tasha ranar da ka zo daga ƙauyenku na ƙasar Matamaye, kuma na san ko goro ba ka ci a lokacin.

A wurin ginin da ka fara aiki a unguwar Tahaggart, wanda ya kunna taba ne kaɗai yake zama. In lebura ya tsuguna hannu wofi, shugaban aiki ya daka masa tsawa. In da kara a bakinsa, sai a ƙyale shi har ta ƙare. Ka ce mini, "Baba Baƙo, ba daɗinta nake ji ba, bayana nake hutarwa." Daga baya ka gane tana kashe yunwar rana, ta fi burodi araha. Masu aikin buro, wato ofis, da muka gina wa gidaje, da yawansu sun ji maganar lokotoro a asibiti sun bar shan taba. Mu ba wanda ya zo ya gaya mana illarta, sai da tarinka ya fara fitar da jini.

Kai ne ka goya ni a baya har gidan likita da na karye a ƙafa, kana haki kana ce mini, "Tsoho, ashe tuwon Larabawa ya karɓe ka." Baƙon da ya sauka daga mota bai san kowa ba, ɗakinka yake kwana. Da aka kai ka aikin rijiya a garin Silet, ka dawo da dabino, ka bi ƙofa ƙofa har ya ƙare ba ka ɗanɗana ba.

A kwanakinka na ƙarshe magana ta yi maka nauyi. Ka riƙe hannuna ka ce, "Auwal." Na gane. Babban ɗanka Muhammad Auwal ya zo bara, yana ɗaukar siminti a wurin da ka ɗauka, kuma dokar zama ba ta sauya ba. Na ga kara maƙale a bayan kunnensa ranar jana'izarka. Ya ce na abokinsa ne.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya yalwata kabarinka, ya ba ka hutun da ba sai ka saya ba. Ina yi wa matarka Rakiyatu ta'aziyya, da 'ya'yanka, da mahaifiyarka da ke can gida. Allah ya ba su haƙuri.

Gobe da safe zan ɗingisa zuwa wurin ginin, in ce wa shugaban aiki ya bar Auwal ya riƙa zama hannu wofi. In ya kore ni, zan zauna a bakin ƙofa har a tashi.

Baƙo, Tamanrasset