Ƙuri'ar Sallau Mai Gyaran Waya

Sallau ɗan kawuna ne, taubashina, don haka ina da damar faɗin abin da na ga dama a kansa. To bari in faɗa: tunda nake ban taɓa ganin matsoraci irinsa ba. Mutum ya ba arba'in baya, amma in ya hangi jandarma a bakin kwalta sai ya sauka daga babur ya tura, alhali takardunsa lafiya lau suke. Allura kuwa sai an danne shi. Ranar da aka kwaɗa tsawa a kasuwar Kore Mairuwa, daga ƙarƙashin teburinsa aka zaƙulo shi, da wayar mutane a hannu.

Tsoron nan yana da tushe. Yana ƙarami kawu ya tafi cin rani Kudu, bai dawo ba, sai labarin rasuwarsa. Alhaji Rabo mai fataucin wake ya ɗauke shi ya haɗa da 'ya'yansa. A gidan ya girma, a gidan aka yi masa aure, kuma a jikin katangar gidan ya kafa rumfarsa ta gyaran waya. Alhaji bai taɓa yi masa gori ba, Allah ya sani. Amma Sallau kullum gani yake in ya taka ba daidai ba za a tuna ba nan aka haife shi ba. Duk tsorace-tsoracensa wasa ne in aka kwatanta da wannan: kada wata rana a daina ce masa ɗan gida.

Autan Alhaji, Kamaluddeen, wanda Sallau ya yi yawo da shi a wuya, ya yi karatu a Yamai ya dawo ya buɗe shago a Dogon Dutsi. Shi ya kafa Rumbun Kowa, wata manhajar waya mai magana da Hausa. Tana karanta wa wanda bai yi lakwal ba, wato boko, saƙonsa, tana nuna wa manomi hoton tsiro ko ƙwaro ta faɗi sunansa da amfaninsa ko ɓarnarsa. Kyauta ce, kuma cikinta a buɗe yake, duk wanda ya iya sai ya duba ya gyara ya ƙara nasa. Dukanmu aikin sa kai muke, muna haɗuwa a zaure ɗaya a cikin waya. Ni malamar lakwal ce, muryata nake bayarwa. Sallau shi ke sa wa mutane manhajar ranar kasuwa, ya gwada ta a tsofaffin wayoyi, in ta ƙi ya kawo rahoto. Kamaluddeen ne shugaba, kuma makullin rumbun a hannunsa yake, wato shi kaɗai ke iya karɓar aiki ko goge shi. Yaron akwai ƙwazo, wannan ba zan hana shi ba. Amma bakinsa, wayyo!

Akwai wata 'yar Tibiri a cikinmu, Afra'u, wadda ta iya rubuta manhaja kamar shi. Ta share watanni tana ɗaukar muryar kakarta, tsohuwar tana faɗin sunayen itatuwa da ciyayin daji. Wata safiya muka tashi muka tarar Kamaluddeen ya goge aikin kaf. Da ta tambayi dalili, sai ya sako murya a zaure, gaban kowa, wai shi ba zai bari a mayar masa da manhaja ɗakin bori ba, kowa ya san abin da tsohuwar nan take yi, jikar 'yan girka ta kwashe iskokinta ta yi gaba. Alhali ƙa'idar zaman da muka amince da ita, shi da bakinsa ya karanta mana: ba a taɓa iyayen mutum, ba a taɓa addininsa. Ba wanda ya tsawata masa. Ni kaina na ɗauki murya na goge, na sake ɗauka na goge, don wallahi tsoron bakinsa nake.

Lokacin zaɓen shugaba na shekara ya zo, Afra'u ta ce za ta tsaya. Nan muka tafka shirmen da ba mai tafka shi sai mu. Wani ya ce a yi zaɓen a asirce, aka yi masa caa, wai mu Arawa ba mu san ɓoye-ɓoye ba, a ƙauye ma bayan ɗan takara ake jeruwa ido na ganin ido. Aka tsayar kowa zai sako murya ya faɗi sunansa da wanda ya zaɓa. Sannan wani mai ladabi ya ƙara da cewa ai ba tarbiyya ba ce yaro ya riga babba magana, a bi shekaru, babba ya fara. Kowa ya ce madalla. Sai da aka gama madallar aka duba aka ga babba a zauren nan Sallau ne.

Aka buɗe zaɓe, Sallau bai sako murya ba. Tunda bai yi ba, ba mai iya yi. Mutane daga Doso, daga Yamai, har da na hayin iyaka, duk sun zuba ido suna jiran mai gyaran waya na Kore Mairuwa. Ya fara cewa wayarsa ta lalace. Mai gyaran waya fa! Daga baya ya ce layi ne babu kyau. Matarsa ta gaya mini ya daina cin abinci sai kunu, kuma da waya ta yi ƙara sai ya zabura.

Ban san wanda ya kai maganar gida ba, amma ta kai. Alhaji ya fito za shi masallaci, ya tsaya bakin rumfar ya ce, "Sallau, na jiya kuna zaɓe cikin wayag ga taku. An ce kai ka farawa." Sallau ya durƙusa ya ce haka ne, Baba. Alhaji ya ce, "To madalla. Ƙanenka dai na." Ya wuce abinsa. Bai yi faɗa ba, bai roƙa ba.

Ni kuma na hau mota daga Dogon Dutsi da niyyar in wanke shi tas. Na tanadi maganganu, har da cewa a ba shi zane ya ɗaura. Ina isa na tarar da shi zaune, ya buɗe wayar wata mata, ya kasa kama ƙusar. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Duk masifar da na ɗauko ta zube, tsoro ya kama ni, don na san Alhaji, kuma na san Sallau ba shi da wani gidan.

Na ce, "Kai raggo, saurara. Ka ce Kamalu kawai. Ba wanda zai ga laifinka. Mu na baya za mu yi abin da ya dace."

Ya ɗago ya ce, "Ba za ku yi ba. In na ce Kamalu, wa zai saɓa wa babba a gaban jama'a? Ke kanki ba za ki iya ba." Gaskiya ya faɗa.

Ya ce, "Kin san abin da ke hana ni sukuni? Abin da nake tsoron a yi mini tun ina yaro, shi aka yi wa yarinyar nan. An tuna mata inda ta fito, gaban mutane. Ina ji, na yi shiru."

Ya ɗauki wayarsa, ya danna, ya saki. Ya sake dannawa. Ya waiga ƙofar gidan Alhaji, wadda ke nan dab da mu a buɗe. Na ce a raina, ya Allah ka sa ya fasa. Muryar da ta fito siririya ce: "Salamu alaikum. Ni ne Sallau. Kamalu ƙanena ne, ni na yi renonsa, kuma aikin nan shi ya kafa shi. Amma abin da ya yi wa Afra'u bai kyautu ba, kuma ya karya ƙa'ida. Na zaɓi Afra'u. A gafarce ni." Ya tura, ya kife wayar a kan tebur, ya tashi da sauri ya zaga bayan rumfa ya yi amai.

Kafin la'asar muryoyi sun cika zaure. Da yawa cewa suke, "Ina bayan Sallau." Afra'u ta ci. Kamaluddeen ya miƙa makulli ba gardama, har yau yana aiki tare da mu, kuma muryar tsohuwa ta koma cikin manhajar. Amma kowa ya san wanda ya buɗe ƙofa, kuma an kunna wa Alhaji muryar ya ji da kunnensa.

Sallau ya zauna jiran a ce ya kwashe rumfarsa. Ba a ce ba. Yana gaida Alhaji, Alhaji yana amsawa. Har na fara tsokanarsa cewa ya tsorata a banza kamar kullum.

Ana nan matar Kamaluddeen ta haihu. Ranar suna Sallau ya yi sammako kamar yadda yake yi a kowane sha'anin gidan, don shi ke shimfiɗa tabarmi, shi ke raba goro, shi ke riƙe wa liman rago. Ina daga soron mata ina kallo. Ya naɗe hannun riga ya nufi inda aka ɗaure ragon, ya kama igiya. Sai Alhaji ya taso da kansa, da fara'arsa, ya karɓi igiyar daga hannunsa ya miƙa wa wani.

"A'a, Malam Sallau! Sannu da zuwa, sannu da ƙoƙari. Kai, ku kawo ma baƙo kujera, ku kawo mai ruwa."

Tunda yake Alhaji bai taɓa ce masa Malam ba. Aka kai shi cikin baƙin da suka zo daga Tibiri, aka zaunar da shi a kujera mai kyau, aka ba shi goro. Ya yi godiya. Har aka yanka ragon aka raɗa suna yana nan zaune, riƙe da kofin ruwan da hannu biyu, bai sha ba.