Tukunya mai jan zare

Da kaza a hannu na shiga wani shagon abinci, ni na yanka abata. Ƙarshen shekarun casa'in ne a Sanyuanli, wata unguwa can ƙasar waje. Mako biyu ina fama da shayi da burodi don tsoron naman alade, ga ƙanshin taliyar mai shagon, wata tsohuwa 'yar Thailand, mai romon kori da madarar kwakwa, ya hana ni sakat.

Na nuna tukunyarta, na ce da guntun Turancina, "Mama, ni Musulmi ne. Ba da wannan ba."

Ta yi dariya. "Zauna, maigida." Ta fita ta sayo sabuwar tukunya.

Washegari na tarar ta ɗaura wa tukunyata jan zare, ga kaza da ranta tana jiran wuƙata.

Ku wa ya taɓa mutunta addininku haka a baƙunta?