Tambayar da Ake Yi wa Ilinca Duk Shekara

Ilinca ma'aikaciyar jinya ce, haifaffiyar Moldoba. Ta daɗe tana aiki a Sligo, wani gari a ƙasar Ayalan, ta auri Cathal mai gyaran rufin gidaje, har Ayalan ta ba ta takardar zama 'yar ƙasa. Da aiki ya kai su Ostareliya, sai ta gano cewa mai takarda irin tata, in zai daɗe a waje, sai ya riƙa shaida wa hukumar Ayalan duk shekara cewa yana son ƙasar har yanzu. Cathal kuwa, tunda haifaffen Sligo ne, ba mai tambayarsa.

Abin bai ɓata mata rai ba, ɗaure mata kai ya yi. Da suka zo hutu Sligo, ta kawo maganar a kicin ɗin surukarta.

"Mama, ɗanki kullum cikin zagin ruwan saman garin nan yake, har ya rantse ba zai dawo da zama ba. To me ya sa ni ake tambaya?"

Tsohuwar ta ƙara mata shayi, ta harari Cathal.

"Bar su, 'yata, ke kina da amsa. Wannan da shi ake tambaya, da tuni mun rasa shi."