Yaya Rabi da Amsar da Aka Bayar a Zaure

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata, Malama Rabi, amma har yau idan na ji an ce a rediyo bincike ya nuna kaza, sai in ji kamar tana gefena tana tambaya: wa aka tambaya, a ina aka same shi, wa kuma aka tsallake? Malamar ƙididdiga ce a wata kwaleji a nan Kano. A gida tsokanarta muke yi, muna cewa ko tuwo aka zuba mata sai ta auna loma. Ban san zurfin abin da ke kanta ba sai da maganar asibitin unguwarmu ta taso.

Lokacin ina aure a Jakara, ina da tsohon ciki, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Sai aka ce za a rufe sashen awo na ƙaramin asibitinmu, wai bincike ya nuna matan unguwar ba su da wata matsala. Hankalina ya tashi ƙwarai, don zuwa babban asibiti a halin da nake ciki ba ƙaramin aiki ba ne.

Da Yaya Rabi ta zo duba ni, ta tambaye ni ko masu binciken sun yi magana da ni. Na ce ko ganinsu ban yi ba. Maigidana, Alhaji Sabo, ya ce ai shi suka samu. Maza ne, ya shimfiɗa musu tabarma a zaure, suka tambayi lafiyar iyali.

"To, me ka ce musu, Alhaji?"

"Me kuwa zan ce, Malama? Lafiya lau, alhamdu lillahi. Baƙo zan zauna in yi wa bayanin ƙafar matata?"

Allah ya sani ba mugunta ya yi ba. Kowane magidanci a cikin birni haka zai amsa, ko da ana yi wa matarsa fifita a cikin gida. Yaya ta bi diddigi, ta gano kuma gidajen bakin titi aka fi tsayawa, inda mota take iya shiga. Lungunan da babur ma sai ya yi dabara, ba wanda ya leƙa su. Ta ce mini ba sai an shanye tukunya ake sanin ɗanɗanon miya ba, cokali ɗaya ya isa, amma sai an juya ta tukuna. Su kuwa man da ya taso sama suka ɗiba.

Ta je ta roƙi masu hukunci a kan asibitin su dakata da rufewar. Ta rubuta gidajen unguwar a 'yan takardu, aka zuba a ƙwarya, wata tsohuwa ta riƙa zarowa ido a rufe. Gidan da ya fito, ɗalibanta mata su shiga har tsakar gida su zauna da matar. Namu bai fito ba. Na roƙe ta ta saka ni, tunda ƙafata kaɗai ta isa hujja. Ta ƙi.

"Idan na zaɓi gidanki don na san amsarki, da ni da su duk ɗaya ne," in ji ta. "Kuma ki sani, ko abin da ya fito bai yi mana daɗi ba, shi zan kai musu."

Na yi fushi, na ɗauke mata wuta. Yanzu kuwa, duk sanda na tuna, mamakinta nake yi. Tana ƙaunata kamar ranta, ga ƙafata tana gani, amma ba ta taɓa ƙwaryar nan ba.

Da amsoshin suka taru ta nuna mini wani zane. Kowace mace ɗigo ɗaya ce, an ajiye ta bisa nisan gidanta da asibiti da kuma yawan zuwanta awo. Ta ja layi ta tsakiyar ɗige-ɗigen, abin da suke kira rigireshan, layin ya yi ƙasa: nisa na ƙaruwa, zuwa awo na raguwa. Duk da haka ta ja kunnen masu hukuncin cewa layi yana nuna abubuwa biyu na tafiya tare ne, ba lallai ɗaya ne ya haifi ɗayan ba. Wannan gaskiyar tata ce, a ganina, ta sa suka yarda da ita. Ba a rufe sashen ba.

Yau ta waya ake tambayar ra'ayin jama'a, a wayi gari an ce mutanen Kano sun ce kaza. Na san da tana nan za ta tambaya wayar a aljihun wa take kwana, kuma wa ke da sukunin ɗauka.

Kwanaki na wuce ta asibitin da safe, benci cike da masu ciki, wasu ma a tsaye. Ina jin babu wadda ta san sunan yayata a cikinsu. Ita kuwa Yaya Rabi Allah bai ba ta haihuwa ba, ko sau ɗaya ba ta zauna a kan bencin nan ba. Allah ya jiƙanta da rahama.