Katantanwar Yaya Namadi

Yayana Namadi malamin kimiyya ne a wata makaranta a Anka, tun muna cikin Jihar Sakkwato. Irin mutanen nan ne da ko kura ta gifta ba zai ɗaga kai ba, amma ƙwaro na wucewa sai ka gan shi durƙushe. Ɗakinsa cike yake da kwalabe, ga kunama, ga shanshani, ga matsattsaku, kowanne kwance cikin ruwan magani da sunansa liƙe a jiki. Matarsa Dija ta hana shi taɓa kwanoninta tun ranar da ta buɗe na miya ta tarar da buzuzu. Ni kuwa Saude, ƙanwarsa, kullum ina tsokanarsa cewa ya sha wahalar boko ya ƙare a kiwon ƙwari.

Dukiyarsa ɗaya ce: wani ƙamus mai kauri na Turanci, na sunayen halittun da ba su da ƙashin baya, wanda wani malaminsa Ba'indiye ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Ba ya liƙa suna a kwalba sai ya duba ciki. Yakan ce littafin aji sunan abu kawai yake ba ka, ƙamus ne ke gaya maka aikinsa da wanda yake hulɗa da shi. Innarmu ta ce ita dai ba ta ga amfaninsa ba, sai ko a yi matashin kai.

A daminar 1982 darasi ya kawo kan katantanwa. Yaya ya naɗe ƙafar wando, ya riƙa kwasar ɗalibansa zuwa tafkin bayan gari, suna shiga har gwiwa suna tsinto masa. Ɗansa Hayatu, wanda bai kai ga balaga sosai ba, ya fi kowa iya lalube, uban kuwa sai yabonsa yake. Kafin kaka Hayatu ya fara ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. A wajenmu a lokacin wannan ba ciwo ba ne, alama ce yaro ya zama namiji. Inna ta rangaɗa guɗa, ta dama masa fura da nono mai kauri. Yaya ma dariya ya yi, don shi ma ya yi fitsarin jinin yana yaro, Babanmu Dabo ma an ce ya yi. Abin da mutum ya tashi ya tarar a gida, ko ya yi karatu ba ya tuhumarsa.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, ya zauna a tsakar gida da bokitin katantanwarsa zai rubuta mata suna. Ya samo sunan a littafin aji, ya buɗe ƙamus. Bayanin ya tura shi wata kalma, ya bi. Ina tsinkar zogale na ga yatsansa ya tsaya a kan wani layi. Littafin da ba ya yarda ya taɓa ƙasa, ranar a ƙasa ya ajiye shi. Ya kira Hayatu, ya ja fatar idonsa ƙasa, cikin fari fat kamar alli. Wallahi ban taɓa ganin tsoro a fuskar Yaya ba sai ranar.

Ya gaya wa Inna cewa gobe zai kai yaron asibiti a Gusau. Tana kaɗi, ba ta ko dube shi ba.

"Mi za ka ce ma likita, Namadi? Ka ce ɗanka ya zama namiji, a yi mishi magani? Wanga abin kunya ba da ni ba."

Bai yi mata gardama ba. Ya ɗauko ƙamus ya zauna kusa da ƙafafunta, yana karantawa yana mayar mata da Hausa. Ya ce wata tsutsa ce da ido ba ya gani, tana girma cikin katantanwa, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar duk wanda ya shiga. Tana zama a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai, ƙwan ne ke tsaga nama jini ya fito. Ita ce tsargiya. In ba a kashe ta ba, ko jinin ya ɗauke tana nan, bayan shekaru mafitsara ta ƙandare, fitsari ya riƙa tsayawa.

Mazarin Inna ya tsaya. Haka Babanmu ya rasu, yana murƙususu fitsari ya ƙi fita, mu kuwa muna ta turare muna cewa sammu ne. Inna ta kalli littafin, sannan ta ɗago ta dubi Yaya, ba jikanta ba.

"Namadi, kai ma ka yi jinin ga. Ni niy yi maka guɗa."

Da safe ita ta tsayar musu da mota, ta ce a duba su duka biyun. Da suka dawo Yaya ya bi gidajen ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya yana gaya wa iyayensu cewa shi ya sa 'ya'yansu cikin ruwan nan, su kai su asibiti. Wasu suka kai, wasu suka ce boko ya taɓa shi.

Hayatu ya sha magani ya warke sarai, yau har da jikoki. Ciwon Yaya kuwa likita ya ce ya riga ya yi nisa. Ya yi 'yan shekaru yana koyarwa yana fama, ya riga Inna tafiya. Daga nan har ƙarfinta ya ƙare, duk damina Inna takan shimfiɗa tabarma a bakin hanyar tafki, ta ajiye kara a gefenta, tana kora 'ya'yan mutane gida.