Bandirin Kawu da Kaskon Mai Hanta

Ni fa ban ce ina so ba. Ranar hutuna ɗaya tal a mako, ina kwance a ɗaki a Safa mukayyif na busa min sanyi, Umma ta leƙo ta ce in tashi in kai Kawu Balad, tsohon gari. Kai shi kawai aka ce. Ba wanda ya gaya min har da sa hannu a takarda.

Kawu yayan Umma ne, shi ke riƙe babban bandiri a ƙungiyar mizmar ta tsohuwar unguwarmu. Mizmar rawar maza ce, a hura wuta a tsakiya, a kewaye ta ana juya sanda ana kiɗa. Tun da aka tashi unguwar kowa ya kama gabansa, wasu Safa, wasu can Khumra bayan sito-sito, shekara biyu ba su yi wasa tare ba. Sai ga bikin al'adu a Balad, aka ba su minti goma a kan dandamali kafin magariba. Kawu ya bi mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya a waya, har da waɗanda ba ya ga maciji da su, ya ce kowa ya zo.

A ƙofar shiga wata ustaza, ma'aikaciyar bikin, mai kati a wuya da rediyo a hannu ta miƙo takarda, ta ce shugaban ƙungiya ya sa hannu. Tsofaffi takwas, abin mamaki duk a ranar suka manta tabarau.

"Kai ka yi makaranta," in ji Kawu. "Karanta ka sa."

Makarantar da na tsere mata tun kafin gemu ya fito min. Na dai lallaɓa na karanta. Layi na uku ya ce mamnu', wato an hana, kunna wuta kowace iri, don gidajen Balad tsofaffi ne, tagoginsu duk katako. Wanda ya saɓa, a kori ƙungiyar nan take, a miƙa sunan mai sa hannu gaba. Na rubuta sunana da lambar iƙamata, wato katin izinin zamana a ƙasar. Kafilina, maigidan da nake aiki a ƙarƙashin sunansa, mutum ne da in tarar mota ta zo masa sai ya kwana uku bai amsa sallamata ba, balle a ce sunana ya fito a maganar gobara.

Na ce, "Kawu, ka ji dai ko? Ba wuta."

Ya ce, "Na ji." Ya faɗe ta yana kallon wani wuri.

Ranar kuwa iskar teku a jiƙe take, irin wadda riga ke manne wa mutum a baya. Muna bayan dandamali, saura minti ashirin, Kawu ya zare bandirin daga jaka ya buga. Wallahi kamar an mari jiƙaƙƙen matashi. Fatar ta sha danshi ta saki. Ya sake bugawa. Duk ɗaya. Ta gefen labule ina hango mutanen unguwarmu sun cika kujeru, mata da yara, har da mai burodinmu na da a keken guragu.

Kawu ya tsuguna, ya buɗe buhun da na ɗauko masa tun daga mota ina zaton ruwan sha ne. Ɗan murhu ne da gawayi.

"La'ilaha! Kawu, me za ka yi?"

"Gashi kaɗan take so. Minti biyu, halas, an gama."

"Sunana ne a takardar nan fa!"

"Sunan ubana ne a bandirin nan. Shi ya ɗaura fatar da hannunsa. In hau gaban mutane in buga musu tsumma? Matsa min, ja'iri."

Ya zaro ashana. Ustazar tana can ƙarshen dandamali, ta juya mana baya tana magana a rediyo, taku goma bai fi ba. Rana ta faɗa bayan dogayen gidaje balle a shanya fatar, motata kuma tana can nesa inda aka hana motoci wucewa, balle in gasa ta a zafin inji. Ya ƙyasta, tsinken ya karye don shi ma ya sha danshi. Kafin ya zaro na biyu na fizge kwalin na zura a aljihu, na sure bandirin, na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Abin da ya biyo ni da shi na zagi, Hausa da Larabci, ba zan maimaita ba.

Hancina ne ya kai ni. Lungu na biyu akwai mai kibda, wato hanta da ake soyawa da albasa a kan wani faffaɗan kasko, gas na ci a ƙarƙashi, lasisinsa a rataye, ga tukunyar kashe gobara a gefe. Dattijo ne, Bahaushen Sudan, layi a gabansa.

"Ya ammi, don Allah aron zafi."

"Aron me?"

Na nuna masa bandirin. Ya ce in ɓace masa, fata mai gashi a kan abinci, so nake a rufe masa wuri? Na ce ba a kai ba, a gefe, inda hucin ke fita a banza. Na ce bandirin mizmar ne, tsofaffi takwas na jira, ɗaya daga ciki yana neman tsinken ashana ya ƙone Balad da ni a ciki. Ya dube ni, ya dubi fatar, ya ɗan taɓa ta da bayan yatsa.

"Kada ka tsayar da shi wuri ɗaya, zai fashe. Juya. Yalla, juya!"

Na yi ta juyawa, hannuna na ƙuna, mai na fallatsowa. In fatar nan ta tsage gara kada in koma gida. Ina bugawa da yatsa, har yanzu matashi. Na ƙara matsawa. Sai na ji ƙarar rediyo a bayana.

Ustazar ce. Ashe Kawu da bakinsa ya ce mata an sace masa bandiri.

"Ba kai ka sa hannu ba? Me na ce game da wuta?"

"Kin ce kada mu kunna, ya ustaza. Wallahi a kunne na same ta, ga lasisinta can."

Ta dubi lasisin, ta dubi tukunyar gobara, ta dube ni, ta daɗe. Ni kuwa ban daina juyawa ba. Na sake ɗana yatsa, bandirin ya amsa, ƙara siririya mai tashi, har mutanen layi suka waiwayo.

Ta ce, "Saura minti uku. In ba ku hau ba na ba wasu."

Na iso ana kiran ƙungiyar. Kawu ya karɓa ko kallona bai yi ba. Bugu ɗaya ya yi, sanduna suka tashi, mata suka rangaɗa guɗa. Suka kewaye wata fitila ja da aka ajiye a madadin wuta, mai burodi na juya sandar wani daga kan kekensa. Ni ina gefe ina hura wa yatsuna iska, kwalin ashana na aljihuna har aka sauko.

Na ɗauka za a yi min godiya. A mota Kawu ya rungume bandirin, ya sunsuna, ya ɗaure fuska.

"Albasa. Bandirin ubana yana warin albasa."

"Ya yi magana ko bai yi ba?"

"Dubi ɗigon mai! Shekara hamsin hayaƙin itace kaɗai ya sani. Kyanwa biyu suka bi ni har bakin titi."

"Masoya ne, Kawu. Ka yi suna."

"Rufe min baki. Kayan girma ka kai wa mai suya?"

Haka muka taho tun daga Balad, kowace danja sai ya ƙara sunsunawa ya ɗauko maganar daga farko. Da muka shigo Safa na gaji, na ce:

"Kawu, fatar nan ta akuya ce, hantar can ta tunkiya. Me ya yi zafi don 'yan garke ɗaya sun gaisa?"